Inna Mai Aron Baki

Uwar mijina ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar yankan shinkafa a fadama. Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, ita dai ta riga mu ne. Ba ta yi doguwar jinya ba. Ta sha kununta, ta ce tsamiyar ta yi yawa, ta kwanta, shi ke nan.

Mutane sun zo daga ko'ina. 'Yan'uwanta na Argungu wasu sun zo a mota, wasu ta ruwa, da kwandon kifin banda kamar masu zuwa suna. Manoman Zauro, waɗanda ta shekara da shekaru tana sayen shinkafarsu tana kushewa, sun ajiye lauje sun zo. Maza a ƙofar gida sun yi zaman makoki yadda ya kamata, kowa kai a sunkuye. Mu ne a cikin gida muka kasa. Ranar sadakar uku ana rabon gumba, ƙanwarta ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce, "A Argungu ba a haka." Ba da gangan ta faɗa ba, amma maganar marigayiya ce ta kullum, ga muryarsu ɗaya. Sai matar mahauci, maƙwabciyarmu, ta tuntsire da dariya ta toshe baki da mayafi, daga nan kowa ya kama. Muna dariya muna share hawaye, har liman ya aiko a tambaya ko lafiya.

Malama tana zaune a gefe a kan tabarma. Ita ce ta koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci. Kirista ce, daga ƙasar duwatsu ta wajen Jos, aikin mijinta na ba da magani ya kawo su Birnin Kebbi. Ta fi kowa kuka ranar, kuma ta fi kowa dariya. Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Ki rubuta ta. Ba don wannan na koya miki ba, amma ki rubuta, kada yara su manta irinta." To, ga shi ina rubutawa. Hannuna ba mai sauri ba ne, a yi haƙuri da ni.

Inna muke ce mata, ni da 'ya'yana da dukan unguwa. 'Yar masunta ce, a bakin ruwa aka haife ta a Argungu, can ta yi aure, can mijinta ya rasu tun kafin a kawo ni gidan. Ɗanta ya ɗauko ta ya kawo ta Birnin Kebbi inda yake ɗinki, ita kuwa ba ta taɓa yafe wa garin ba. Ruwan nan ba ya kashe ƙishirwa. Kifin nan ƙaya ce zalla. Albasar nan ba ta sa hawaye. Ko wata aka gani, sai ta ce na Argungu ya fi fitowa da wuri.

Tarihi kuwa a bakinta yake, amma nata iri. Yaran unguwa da ke elementare sukan dawo da labarin yadda aka ci Birnin Kebbi da yaƙi a zamanin da, Kabawa suka koma Argungu. Inna takan ajiye mazarinta ta kira su.

"Wa yac ce an ci mu? Sauro yak kore mu. Da ƙahwahunmu munka tashi, munka bar musu gari da sauro nai. Ku koma ku gaya ma malaminku."

Ba wanda ya taɓa komawa ya gaya wa malamin, wannan kuwa yana ci mata rai. Takan dubi 'yata ta fari, wadda take kira ƙawarta, ta ce, "Da ke aka kai, da kin hwaɗa musu. Ke ba ki da tsoro, bakinki irin nawa ne."

Abin da ke da wuya a tarihin Inna shi ne ramuka. Tana cikin jero sarakunan Kabi sai ta tsallake wani ta ce "mai sunan wancan mutumin", ta wuce. Wancan mutumin shi ne mijinta. Tun ranar da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kama sunansa ba, yana raye ko bayan ransa, kuma duk wanda Allah ya sa ya ci sunan, sarki ne ko mai tallan gishiri, shi ma ya rasa suna a bakinta. Maigidana ɗanta ne na fari, don haka shi ma ba shi da suna. "Mai keke" take ce masa, saboda keken ɗinki. Yana tsaye a gabanta za ta juyo wurina ta ce, "Gaya ma mai keke tuwo nai na hucewa." Ni ma haka aka raine ni, sunan miji da na suruki ba sa fita bakina. Sunan surukin nawa sau ɗaya na ji shi, a bakin maroƙi ranar bikina, na haɗiye shi, yana nan ciki har yau.

Shekarar da ake shirin karɓar mulkin kai aka buɗe ajin mata a zauren mai unguwa. Maigidana a lokacin ba ya ɗaga kai daga keke, tutoci yake ta ɗinkawa, kore da fari, na 'yan makaranta. Na jira ya ci tuwo ya sha ruwa, na ce ina so in shiga aji, kuma ina so a sa yarinya a elementare. Ya ce karatun mata ɓata alli ne. Bayan kwana biyu na sake faɗa. Ni ba na iya gardama, abin da na iya shi ne maimaitawa a hankali har mutum ya gaji. Da ya gaji ya ce, "To, ki je. In kin kawo takardar shaida, na yarda kan mace yana ɗaukar boko, yarinya ta shiga makaranta. In ba ki kawo ba, kada in ƙara jin zancen nan a gidan nan, naki ko nata." Ya ƙara da cewa ba zan fita ni kaɗai ba, sai da Inna.

Ina jin ya ɗauka Inna za ta ƙi, magana ta mutu. Kafin ya rufe baki ta ɗauko mayafinta.

Ranar farko Malama ta miƙa mata allo. Inna ta dube shi kamar an miƙa mata kifin Birnin Kebbi.

"Ni ba karatu niz zo ba, tsaro niz zo."

Ta shimfiɗa tabarmarta a can baya, ta fito da auduga da mazari. Daga nan take kaɗi, daga nan kuma take gyara wa Malama aji. Wance ta zauna daidai. Wance ta ba ɗanta nono ya yi shiru. In Malama ta zana baƙi a babban allo, Inna ta ce wannan ƙugiya ce, wancan gora ne, wancan kuwa mutum ne da ya ci bashin barci. Malama tana da haƙuri, amma akwai ranar da haƙurin ya ƙare. Allinta ya yi ta ɓacewa. Ta zargi yara, ta zargi awakin mai unguwa. Rannan ta zagayo baya sai ta ga yatsun Inna fari fat. Masu kaɗi suna shafa alli a yatsa don zare ya yi santsi, Inna kuwa ta gano na Malama ya fi na ƙonannen ƙashi laushi.

"Inna, allin gwamnati ne fa."

"To, ba an ce gwamnati ta kusa zama tamu ba? Nawa rabo nika ɗauka tun da wuri."

Malama ta yi fushi na gaske, ta ce ko Inna ta bar zuwa ko ita ta bari. Na dawo gida na san in Inna ta bar zuwa, ni ma na bari ke nan. Sun yi kwanaki ba sa gaisawa. Abin da ya shirya su haihuwa ce. Malama ta sauka, ba uwa ba ƙanwa a garin, mijinta yana wurin aiki. Ba wanda ya aiki Inna. Ta ɗauki tukunya da itace da ganyen wanka ta tare a gidan, ta yi mata wankan jego, ta dama mata kunun kanwa, tana yi tana faɗa wai mutanen dutse ba su san ruwan zafi ba. Da Malama ta dawo aji, da kanta ta kai wa Inna guntun alli ta ajiye a gefen tabarma. Tun daga ranar "Mama" take ce mata.

Da muka fara haɗa baƙi muna karanta labari, sai wata matsala ta taso wadda Malama ba ta zata ba. Littafin cike yake da mutane, wane ya tafi kasuwa, wane ya sayi akuya. Mace tana cikin karatu tiryan-tiryan sai ta tsaya cak, ta sunkuyar da kai. Malama ta ɗauka kalmar ce ta gagare ta, ta yi ta faɗa mata, tana cewa ta maimaita. Ina. Sunan mijinta ne, ko na surukinta, ko na ɗanta na fari. Shafi guda sai ya zama kamar tsohuwar homar kamun kifi, ko'ina huji.

Malama ta ce, "Ai ba kiransa kike yi ba, karatu kike yi. Wannan na cikin littafi wani mutum ne dabam."

Inna ta ce daga baya, "In shina wucewa ta bakin zaure ya ji, wane za shi amsa, na littahi ko shi?"

Ita ce ta samo maganin abin. Ta tashi ta sake wa kowa wurin zama. Ta san gidan kowa, ta san sunan da kowace mace ke kunya, sai ta haɗa mu biyu-biyu, kowace da wadda za ta iya faɗar nata. In ka zo kan sunan sai ka ɗan taɓa ta kusa da kai, ta faɗa, ka ci gaba. Inna ta sa wa abin suna aron baki. Karatu ya miƙe. Malama ta ce ko a makarantar da aka koya mata koyarwa ba a koya musu wannan ba.

Ni kaɗai ce ban taɓa bukatar aro ba a kan surukina, don sunansa bai fito a littafin ba ko sau ɗaya. Inna ta yi ta alfahari da haka. "Wancan mutumin ba shi cikin masu sayen akuya," in ji ta. Saboda haka ba wadda ta san sunan a ajin, har Malama.

Matar mahauci ce ta ɓata mana tsari. Allah ya ba ta baki, bai ba ta haƙurin haɗa baƙi ba. Sai ta gano cewa duk kalmar da ta yi mata tsawo, in ta sunkuyar da kai ta taɓa ta kusa da ita, an wuce wurin. Dangin mijinta suka yi ta yawa. Rannan ta tsaya a kan "jirgin ƙasa" ta ce laƙabin ƙanen surukinta ne. Inna ta ce, "Ke, gidanku har da tasha?"

Ranar jarrabawa maigidana ba ya gari, ya kai tutoci Argungu. Mai jarrabawar saurayi ne mai fararen kaya, daga ofishin ilimin manya. Aka rataya asabari a tsakiyar zaure, shi a waje, mu a ciki, yana jin murya ba ya ganin fuska. Rubutu da lissafi mun yi su da safe, Malama ta raɗa mini cewa nawa sun yi kyau. Saura karatu a bayyane. Ya zo da takardunsa, kowace mace da nata labarin, wanda ko Malama ba ta taɓa gani ba. Yakan turo takarda ta ƙarƙashin asabari, shi kuma yana riƙe da irinta.

Matar mahauci ta riga ni. Layi na biyu ta tsaya ta ce kunya. Ya ce ta wuce. Layi na uku ta ce kunya. Da ta sake, sai muka ji ya ajiye fensir.

"Baba, na ga irin wannan a garuruwa da yawa. Ban hana kowa kunya ba, ni ma uwata ba ta kama sunana. Amma daga yanzu duk wadda ta tsaya, sai wata ta faɗa mini sunan da take kunya. In ya yi daidai da abin da ke takardata, na san ta karanta shi a zuci, ta ci. In bai yi ba, sai wata shekara."

Abokiyar aronta ta jero sunayen gidan mahauta kaf. Ya ce abin da ke takardarsa "alurar rigakafi" ne. Matar mahauci ta tashi tana cewa dama ita rakiya ta zo.

Sai ni. Labarin wani manomi ne da ɗansa. Na fara a hankali yadda na saba, baƙi yana bin baƙi, har na ji daɗin muryata. Na juya layi, sai ga shi. Sunan surukina, da babban baƙinsa, yana tsaye a gabana. Wai shi ne maƙwabcin manomin, ya zo aron fartanya.

Na tsaya. Na ce a raina, faɗi mana, kalma ɗaya ce, yarinya ta shiga makaranta. Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Ga matar mai sunan zaune a bayana da mazari.

"Kunya ce?" in ji shi.

Na ce, "I, Malam. Surukina."

Malama ta ce, "Malam, wannan ba ta taɓa yin haka ba."

Ya ce, "Na yarda, amma abin da na yi wa waccan shi zan yi wa wannan. Wa ya san sunan surukinta?"

Matan suka dubi juna. Ba wadda ta sani. Sannan, ɗaya bayan ɗaya, suka juya baya. Mazarin Inna ya daina juyawa.

Ta gyara murya. "Yaro, ni ce matar mutumin. Ka san limamin unguwar masunta na Argungu, wanda yar rasu shekarar kyanda? To, sunansu guda."

"Ban san shi ba, Inna."

"Wanda yak kama giwan ruwa shekarar da ruwa yac ci Zauro hwa?"

"Ba a haife ni ba, Inna."

"Cikin sarakunan Kabi akwai mai sunan, wanda yab bi bayan mai dogon gemu."

"Inna, ni sarakunan Gwandu aka koya mini."

"Ga irinta nan," in ji Inna. "Abin da nika hwaɗi ke nan kullum."

Ya ce mota tana jiransa, akwai wani aji a gaba. Muka ji yana tattara takardu. Ni dai na sunkuyar da kai, ina tunanin yadda zan gaya wa yarinya, don tun da safe ta wanke ƙafafunta wai tana shirin makaranta. Na juya zan ce wa Inna mu tafi, ba komai. Sai na ga ta ajiye audugar. Ta goge allin yatsunta a zane. Ta faɗi wani abu can ƙasa-ƙasa, kamar mai tauna goro.

"Ban ji ba, Inna."

Ta miƙe tsaye. Inna 'yar bakin ruwa ce, mutanen da ke kiran jirgi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ta ja numfashi ta kira sunan, ta ja ƙarshensa, yadda ake kiran wanda ya yi nisa a kan ruwa. Tantabarun mai unguwa suka tashi. Wani mai tallan rake da ke wucewa a waje ya amsa.

Ba wadda ta motsa. Inna ta zauna, ta ɗauki mazarinta.

"To, ka ji," ta ce wa asabarin. "In ya taso, kai za ka ba shi tuwo."

Saurayin ya ce a hankali, "Shi ne, Inna. Allah ya jiƙansa. Ke mai karatu, ci gaba daga fartanya."

Na ci gaba daga fartanya. Ban san yadda na kai ƙarshe ba.

Muka kama hanya ni da Inna har ƙofar gida. Nan ta ce, "Kada ki gaya ma mai keke." Amma kafin mai keke ya sauko daga motar Argungu, 'yan tasha sun riga sun gaya masa. Ya shigo ya karɓi takardar shaidar, ya juya ta, ya dubi uwarsa, ita kuwa ta dubi bango. Ya koma kan keke. Da yamma na ga ya ajiye tutoci yana yanka 'yar riga ta makaranta.

Yarinya ta shiga elementare ana saura kaɗan a yi bikin mulkin kai, har ta riƙe ɗaya daga cikin tutocin ubanta. Ba ta yi wata guda ba aka aiko a kira uban, wai ta miƙe a aji ta ce sauro ne ya kori Kabawa. Inna ta yanka mata zabuwa.

Ban sake jin sunan a bakinta ba. Amma ana saura kwanaki ta rasu, da la'asar ina tsintar shinkafa, ta kira ni ta ce, "Ɗiyata, zana min shi a ƙasa in gani." Ban tambaye ta wa ba. Na share wuri, na rubuta da tsinke. Rubutu ba faɗa ba ne, haka na gaya wa kaina. Ta sunkuya ta daɗe tana dubawa.

"Shi ke nan? Mutum mai tsawo haka, ɗan wannan ne duka?"

Na ce shi ke nan, Inna.

"Boko bai da kirki," in ji ta. Ta ƙara dubawa. Wata kaza ta nufo wurin, ta kore ta da mafici. Sannan ta sa tafin hannunta ta shafe shi a hankali, ba da ƙafa ba.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata allin gwamnati da sauran kurakuranta, ya sanyaya makwancinta, ya sada ta da wancan mutumin a inda ba a rabuwa. In ta isa ta ce a Argungu ba a haka, Allah ya sa a yi mata uzuri.

Na kai wa Malama wannan rubutu ta duba. Ta karanta ta yi dariya, ta share ido, sannan ta ce, "Amma ba ki sa sunanta ba ko sau ɗaya. Yaya za a tuna da ita?" Na karɓa na dawo gida, na fere fensir, na zauna a inda take zama. Na daɗe. Uwar mijina ce, hannun ma ya ƙi. Wanda yake son sunan ya zo gida. Ƙawarta tana dawowa daga makaranta da azahar, ita ba ta kunyar kowa, sai in ara bakinta.